Fitilar haska tsakar gida da shago: yadda ake zaɓar mai araha wadda za ta wuce damina ɗaya

Fitilar farko da na saya don haska tsakar gidanmu, kwalinta ya fi ta kyau. An rubuta 200W ɓaro-ɓaro, ga hoton filin ƙwallo tar kamar da rana. Da na ɗauke ta sai na ji ta sakayau, ko nauyin kwanon sha ba ta kai ba. Amma mai shagon ya jona ta a soket ɗin gefen teburinsa, ta kashe mini ido, na ciro kuɗi na biya ko cinikin kirki ban yi ba. Ta yi mana bazara lafiya lau. Ruwan farko mai iska da aka yi, ta fara ƙyafta ido. Kafin mako biyu rabin ƙwayoyinta sun mutu, sauran sun koma shuɗi-shuɗi, gilashin ya yi gumi ta ciki. Da na mayar, yaron shagon ya jujjuya ta ya ce, "Yallaɓai, ai wutarku ce ta yi yawa."

Sai da muka zo sa fitilu a shagon ƙanena, wanda kafinta ne, na zauna na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Irin fitilar da nake nufi ita ce mai faɗin fuska da ake kafawa a katanga ko a kan ƙarfe, wadda har yanzu a kasuwa ake ce wa halojin, ko da yake yanzu LED ce a cikinta. Abin da na gano shi ne, lambar wat da ke jikin kwali ita ce abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya dogara da shi.

Mataki na farko: auna wurin kafin ka doshi kasuwa

Yawancinmu muna zuwa kasuwa ne mu ce a ba mu "mai haske sosai". Mai shago kuwa ya miƙo wadda ta fi babbar lamba. Kafin ka fita, ɗauki tef ka auna tsawo da faɗin wurin, ka ninka su, ka sami murabba'in mita. Idan babu tef, takun babban mutum mai faɗi ya kusa mita ɗaya, ya isa wannan lissafi.

Kalmomi uku ne za ka riƙe. Wat shi ne wutar da fitila ke ci. Lumen shi ne hasken da take fitarwa. Luks kuma shi ne hasken da ya sauka a ƙasa ko a kan teburin aiki: lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya shi ne luks ɗaya. Farin wata na daren sha huɗu, wanda yara ke wasa a cikinsa har su ga juna sarai, bai kai ko rabin luks ɗaya ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa tsakar gida ba ta buƙatar hasken filin ƙwallo.

Don zirga-zirga a tsakar gida, ganin wanda ya shigo, da ganin abin da ke rarrafe a ƙasa, luks 10 zuwa 20 sun wadatar. Ƙofar gida da wurin ajiye mota, ko wurin da ake girki da wanke-wanke da dare, a kai kamar 50. Shagon aiki kuwa maganarsa daban ce: luks 300 don aiki na gama-gari, 500 a kan teburin da ake awo da yanka, 750 ko fiye ga tela mai ɗinkin aiki ko mai gyaran waya.

Ga misali. Tsakar gida mai mita 10 a 12, murabba'in mita 120 ke nan. Ka ninka da luks 20, ka sami lumen 2,400. Da yake a fili wani hasken yana tashi sama, wani katanga ta shanye, sai ka ninka biyu: kusan lumen 5,000. Da yake kowane wat na LED mai kirki yana ba da kusan lumen 100, fitilu biyu masu wat 25 ko 30 na gaskiya sun gama maganar. Ni kuma da na je na ɗauko mai 200.

Shagon ƙanena mita 4 ne a 6, murabba'in mita 24. A luks 300 ana neman lumen 7,200. Idan bango da silin farare ne, ka ƙara rabin wannan adadi, ya zama 10,800, wato fitilu huɗu masu wat 30. Idan bulo ne tsirara da kwano ba silin, ka ninka biyu, 14,400, wato biyar masu wat 30 ko uku masu wat 50. Bokitin farin fenti a shago yakan yi aikin fitila guda, kuma ba ya cin wuta.

Mataki na biyu: ƙanana da yawa, ba babba ɗaya ba

Wannan shi ne inda na fi ganin mutane suna asara. Babbar fitila ɗaya a kusurwa tana yin abu biyu marasa kyau: tana kashe idon wanda ya fuskance ta, sannan tana jefa baƙar inuwa bayan duk abin da ta haska. Bayan mota, bayan tankin ruwa, lungun banɗaki, duk sai su fi duhu fiye da da, domin ido ya saba da hasken tsakiya. Ɓarawo bai ƙi irin wannan haske ba. A shago kuwa, idan fitila ɗaya ce a bayanka, inuwar kanka ce za ta rufe layin da kake bi da zarto.

Fitilu biyu a kusurwoyi masu fuskantar juna suna cike wa juna inuwa. Idan ɗaya ta mutu ba ka kwana cikin duhu. Kuma ƙaramar fitila ba ta zafi kamar babba, don haka masu arahar cikinsu sun fi daɗewa. Mai wat 30 mai araha sau da yawa tana da kirki. Mai wat 200 mai araha kuwa da wuya, domin abin da ake buƙata don sanyaya ta yana da tsada, kuma nan ake rage kuɗin.

Akwai abin da zan faɗa ko da zai rage wa wannan fitila kasuwa. Idan rufin shagonka bai kai mita 3 ba, doguwar fitilar LED mai kama da fulorosan ta fi dacewa da saman teburin aiki, domin haskenta a baje yake. Idan kuma halojin ɗin ce a hannunka, juya fuskarta ta haska farin silin, hasken ya dawo ƙasa a tausashe. Inda ta fi amfani shi ne rumfar waje, gareji, wurin walda, da shago mai dogon rufi.

Mataki na uku: gane wat na gaskiya

Fitilar LED mai kirki da ake samu a kasuwa tana ba da lumen 80 zuwa 120 a kowane wat. Ka riƙe 100 don sauƙin lissafi. To idan kwali ya ce wat 50, lumen 4,500, maganar ta hau. Idan ya ce wat 100 amma lumen 3,000, to ko dai wat 30 ce aka yi wa rawani, ko kuma ƙwayoyinta na banza ne. Idan ko kaɗan ba a rubuta lumen ba, ajiye ta.

Amma takarda ba ta ƙin tawada, lumen ɗin ma ana iya ƙirƙira. Gani ya kori ji. Akwai ɗan ƙaramin mita da ake jonawa a soket, sannan a jona kaya a jikinsa, ya nuna wat nawa suke ja. Masu haɗa sola da yawa suna da shi. Ara ko ka saya, ka tafi da shi kasuwa. Da muka auna wata da aka rubuta wa 100W a gaban mai ita, abin da ta ja bai kai rabi ba. Bai ji haushi ba, dariya ma ya yi ya ce, "Maigida, kai ka zo da shirinka," ya shiga ciki ya fito da wata mai nauyi da ba a baje a gaba ba. Kusan kowane shago yana da irin wannan ta cikin, sai wanda ya nuna ya san abin da yake nema ake ɗauko wa.

Kada ka yi hukunci da yadda ta kashe maka ido a shago. Ko tocilan ɗin waya aka haska maka a fuska za ka runtse. Ka ce a juya ta ga bango ko silin, a kunna biyu ɗaya bayan ɗaya, ka kalli bangon. Akwai manhajojin auna haske na waya. Ba su da daidaito sosai, amma idan ka tsaya a wuri ɗaya ka auna fitilu biyu, za su gaya maka wadda ta fi.

Wannan lissafi yana taɓa aljihu kai tsaye. Tsohuwar halojin mai wat 500 idan ta kwana awa 10 tana cin yunit 5, a wata 150. A farashin naira 225 kowane yunit da hukumar kula da wutar lantarki ta Nijeriya, NERC, ta sanar wa 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, a watan Afrilun 2024, naira 33,750 ke nan a wata saboda fitila ɗaya. LED mai wat 100 na gaskiya, wadda haskenta ya yi kusa da nata, yunit 30 take ci, naira 6,750. Mai amfani da inbata ko ƙaramin janareto ya fi kowa jin bambancin, domin halojin ɗaya takan cinye kusan duk ƙarfin ɗan injin.

Mataki na huɗu: juya ta ka dubi bayanta

Zafi ne babban makashin LED. Fuskarta ba ta ƙona hannu kamar halojin, amma ƙwayoyin suna tara zafi ta baya, kuma dole ya sami hanyar fita. Shi ya sa ake yin jikinta da alminiyom mai haƙarƙari. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda zafin Afrilu kan wuce digiri 40, katangar da rana ta gasa tun safe ba ta hucewa sai dare ya raba. Fitilar da za ta yi shekaru a ƙasa mai sanyi, a nan wata nawa ne.

Ɗauki biyu masu lamba ɗaya, ɗaya a kowane hannu. Mai nauyin ta fi yawan alminiyom, ita za ka fi karkata gare ta. Ƙwanƙwasa bayan da farce: ƙarfe daban, roba mai fenti daban. Dubi haƙarƙarin, masu zurfi ne ko zane kawai aka yi don ado? Idan mai shago ya yarda, a bar ta a kunne minti goma sha biyar kuna hira. Bayan ya yi ɗumi sosai, alama ce zafi yana fita. Idan ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu ko kaɗan, jikin ya yi wa wutar kaɗan.

Farin hasken LED asalinsa shuɗi ne. Ƙwayar tana fitar da shuɗin haske, sai a shafa mata wani sinadari ruwan ɗorawa a sama, haɗuwarsu ta ba da fari. Ƙirƙiro wannan shuɗiyar ƙwaya ce ta sa aka ba masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, kyautar Nobel a 2014. To idan zafi ya dafa wancan sinadari, sai hasken ya koma shuɗi ko shunayya ya dushe. Abin da ya sami tawa ke nan, ba wutar da ta yi yawa.

Sai maganar ruwa da ƙura. Za ka ga an rubuta IP da lambobi biyu. Ta farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6. Ta biyu ta ruwa ce. IP65 na nufin ƙura ba ta shiga sam, kuma tana jure feshin ruwa ta kowane gefe. IP66 tana jure feshi mai ƙarfi. IP44 yayyafi kawai take iya ɗauka, kuma ƙurar hunturu za ta shige ta. Don waje kada ka sauka ƙasa da IP65. A shagon kafinta ma haka, saboda garin katako.

Nan ma kada rubutu ya ishe ka. Dubi gefen gilashin: akwai roba da ta zagaye shi, ko gam aka ɗiga nan da can? Dubi inda waya ta shiga jiki: ya kamata a ga wani maƙogwaro mai zare da ake ɗaurewa ya shaƙe wayar. Ja wayar a hankali. Idan tana motsi ciki da waje, ruwa zai bi ta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Fuskar kuma gara gilashi mai kauri da roba, domin rana tana mayar da roba ruwan ɗorawa, tartsatsin walda da na giranda kuma suna huda ta.

Da yawa daga cikin fitilun nan, na kirki da na banza, daga yanki ɗaya suke fitowa, wato Guzhen da ke Zhongshan a lardin Guangdong na ƙasar Sin, su sauka Alaba a Legas, su iso Sabon Gari a Kano. Saboda haka "ɗan Chana ne" ba aibi ba ne, ba kuma yabo ba. Ɗan kasuwa ne ke faɗa wa masana'anta matakin da yake so a yi masa. Manyan sunaye irin Philips da Osram suna da tsada, kuma ana buga sunansu a jikin jabu. Ni na fi son kamfani matsakaici wanda ya rubuta cikakken bayani a jikin fitilar kanta, ba a kwali kaɗai ba, kuma mai shagon ya yarda ya rubuta garanti a rasit.

Mataki na biyar: direba, da gwajin da bai kamata mai injin yanka ya tsallake ba

LED ba ta cin wutar gida kai tsaye. Akwai wani ɓangare da ke sauya mata wutar, wanda ake ce wa direba, wasu su ce cok. Iri biyu ne. A masu kirki, ɗan akwati ne daban a bayan fitilar. A masu araha sosai, an manna 'yan ƙananan kayan a kan faifan da ƙwayoyin suke, har kana iya hango su ta gilashi, baƙaƙe ƙanana a gefe. Wannan nau'i na biyu shi ne sirara kamar littafi.

Duba inda aka rubuta ƙarfin wutar da take karɓa. Wutarmu a ƙa'ida 230V ce a Nijeriya, 220V a Nijar, amma kowa ya san yadda take sauka da magariba idan unguwa ta kunna kaya. Wadda aka rubuta wa 220–240V za ta dushe ko ta yi ta ƙyafta ido idan aka kawo lokaran. Nemi mai 85–265V ko 100–265V. Wannan layi ɗaya ya fi mini lambar wat muhimmanci. Idan an rubuta tana jure bugun wuta na 2kV ko 4kV, ƙari ne mai kyau, musamman inda ake yawan ɗaukewa da kawowa ko sauyawa zuwa janareto.

Yanzu ga abin da ya shafi rai. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka fitila mai direban manne takan haska ta dushe sau 100 a kowace daƙiƙa. Ido ba ya gani, sai dai wasu su ji ciwon kai ko gajiyar ido. Amma injin wasa ƙarfe na kan tebur da injinan yanka da yawa suna juyi kusan sau 2,900 a minti, wato dab da sau 50 a daƙiƙa. Idan juyin ya yi daidai da ƙyaftawar fitila, sai faifan ya zama kamar a tsaye yake, ko yana juyawa a hankali, alhali da gudu yake. A shago mai ƙara, inda janareto ke ruri kuma ba ka jin kukan injin, yaro mai koyon aiki yana iya kai hannu.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Buɗe kyamarar waya, sa ta a bidiyo mai tafiyar hawainiya, ka ɗauki bangon da fitilar ta haska. Idan ka ga baƙaƙen layuka suna gudu ko hoton yana bugawa kamar zuciya, tana ƙyaftawa. Ko ka kaɗa biro da sauri a gabanta: idan ka ga biro da yawa a jere maimakon inuwa ɗaya mai santsi, ita ce. A katangar waje za a iya haƙuri da irinta. A kan injin da ke juyawa, ko kyauta aka ba ka kada ka sa.

Mataki na shida: launin haske

Lambar da ke ƙarewa da K ita ce launi. 3000K ruwan ɗorawa ne kamar ƙwan da muka taso da shi, 4000K fari ne mai laushi, 6500K fari fat mai ɗan shuɗi. Kasuwarmu ta fi cika da 6500K domin ido yana ɗaukarsa kamar ya fi haske.

A shago, 4000K zuwa 5000K ya fi daɗin aiki. Mai fenti, tela da mai gyaran wayar mota su nemi inda aka rubuta CRI ko Ra, wato ma'aunin yadda fitila ke nuna launi na gaskiya, 80 zuwa sama, domin a ƙarƙashin mai ƙasa da haka ja da ruwan ƙasa sukan rikice. A tsakar gida kuwa ni 3000K nake zaɓa. Ƙwari sun fi bin fari mai shuɗi. Duk wanda ya ga yadda shinge ke rufe fitila bayan ruwan farko ya san zancen, kuma inda ƙwari suka taru nan kwaɗi da tsaka da kunama ke zuwa kiwo. Don haka ko wace iri ce, kada ka kafa ta daidai saman ƙofar ɗaki ko inda ake shimfiɗa tabarma. Kafa ta nesa, ta hasko wurin.

Mataki na bakwai: idan mai sola kake so

Nan ƙarya ta fi yawa. Za ka ga 300W, 500W, har 1000W a jikin fitila mai faranti kamar faifan tuwo. Ka manta da lambar, ka nemi bayanin batir. A ce an rubuta 3.2V, 15,000mAh, wato 15Ah. Ninka 3.2 da 15, ka sami 48. Wannan shi ne duk abin da ke cikin tulun: wat 48 na awa ɗaya. Da a ce da gaske wat 300 take ci, da ko minti goma ba za ta yi ba. Idan za ta kai awa 10, to ba ta wuce wat 5. Shi ya sa suke haske da magariba, kafin asuba sun zama kamar aci-balbal.

Wannan ba ya nufin ba su da amfani. Wat 5 na LED ya isa lungu, ƙofar gida ko garken dabbobi, kuma ba ruwanka da ɗauke wuta. Kawai ka san abin da ka saya, ka kwatanta su da girman batir da girman faranti. Batir mai rubutun LiFePO4 ya fi jure zafi da yawan caji. Ka fi son wadda farantinta daban yake da doguwar waya, don ka sa shi a rana, ita kuma fitilar da batirinta su zauna a inuwa. A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar faranti kudu zai kalla, a ɗan kishingiɗe kamar digiri 10 zuwa 15, yadda ruwa zai wanke shi.

Don aikin shago kuwa, waɗannan ba za su ɗauke ka ba. Wat 20 na gaskiya na awa 10 yana son batir mai ɗaukar fiye da wat 200 na awa ɗaya, da faranti na wat 50 ko 60. Idan ka kai nan, gara ka haɗa ƙaramar sola ta shago ka jona fitilu na yau da kullum.

Masu kunna kansu idan sun ji motsi suna da maɓallai uku a ƙasa: na tsawon lokacin da za ta zauna a kunne, na duhun da za ta fara aiki, da na nisan jin motsi. Zafin jiki suke ji, don haka a tsakiyar bazara, da iska ta kusa zafin jikin mutum, sukan yi nauyin ji. Akuya da kyanwa kuma suna tayar da su. Sun dace da lungu da bayan gida, ba inda ake zama ba. Mai kunnawa da magariba ta kashe da safe, a sa idonta inda hasken fitilar ba ya kai masa, in ba haka ba za ta kwana tana kunnawa tana kashewa.

Mataki na takwas: kafawa

Sayi ɗaya tukuna. Kafa ta na wucin gadi, ka kwana uku kana kallo, sannan ka koma ka sayo sauran. Ka rubuta ranar saye a bayan kowace da alƙalamin da ba ya gogewa, ka adana rasit.

Masu wat 20 zuwa 50 suna son tsayin mita 3 zuwa 4. Sunkuyar da fuskarta ƙasa sosai. Yawancinsu suna baza haske digiri 120, don haka idan ka miƙe ta tana kallon gaba, rabin hasken sama zai tafi da gidan maƙwabci. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Tsakar gidan mutum sirrinsa ce, iyalinsa suna nan, da bazara ma a nan ake kwana. Bayan ka kafa, fita da dare ka zagaya ka gani, ko ka tambaye shi, "Malam, fitilar nan ba ta dame ku ba ko?" Idan akwai kyamarar tsaro, kada fitila ta kalle ta, kuma a raba su da ɗan nisa saboda ƙwari da yanar gizo-gizo.

Bar tazarar yatsu huɗu ko fiye tsakanin bayanta da bango, kuma kada ka manna ta a ƙarƙashin kwano, inda zafi ke taruwa. Inda waya ta shiga ya kalli ƙasa, a bar wayar ta ɗan lanƙwaso kafin ta hau, yadda ruwa zai ɗiga ƙasa maimakon ya bi ta ciki.

Wayar da ke zuwa da fitilar gajeriya ce, kuma mahaɗin nan ne ya fi kashe fitilu a damina. Murɗa waya a naɗe da salatif a bar ta a fili ba aiki ba ne: rana za ta busar da gam ɗin, ruwa ya shiga. A sa ƙaramin akwatin haɗa waya mai murfi da roba. Waya mai 1.5mm² ta jan ƙarfe zalla mai jijiya uku ta isa fitilun gida. Kankare bakinta da wuƙa, idan ka ga fari a ciki alminiyom ne aka yi wa rufi. Ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ta dawowa, mai kore da ruwan ɗorawa ta atin, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa. A tsohon wayarin za ka tarar da ja da baƙa da koriya. Makunni a kan mai wutar ake sa shi. Idan aka sa a ɗayar, fitilar takan yi ɗan haske ko an kashe, kuma wuta na nan a jikinta.

Jikin fitilar ƙarfe ne, tana waje cikin ruwa, sau da yawa a kan ƙofar ƙarfe ko fol da yara ke taɓawa. Dole a haɗa atin. A wasu masu arahar, wayar atin ɗin tana nan a waje amma ba a ɗaure ta da komai ba a ciki. Mai gyaran wuta zai iya tabbatarwa cikin minti ɗaya da mitarsa, tsinke ɗaya a wayar, ɗaya a kan noti na jikin fitilar. Layin waje ya samu birekarsa daban mai 6A ko 10A, tare da irin wadda ke yanke wuta idan ta bi jikin mutum, mai rubutun RCD ko RCCB 30mA. Idan ba sana'arka ba ce, kira mai ita. A Nijeriya hukumar NEMSA ce ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Kafin kowa ya hau tsani a kashe babban makunni, a kashe janareto da inbata, a gwada da tasta.

Da hunturu ƙura takan rufe gilashi har mutum ya ɗauka fitilar ce ta tsufa. Kashe ta, bari ta huce, goge fuskar da ɗanyen tsumma, ka share haƙarƙarin baya da tsohon buroshi, domin ƙurar da ta cike su tana riƙe zafi kamar bargo. Farantin sola yana son gogewa duk mako a wannan lokaci. A shagon ƙanena, yaron da ke share garin katako ranar Alhamis shi ke bin fitilun huɗu da buroshi. Kafin damina kuma a sake ɗaure notuna, a buɗe akwatin waya a duba, domin zanzaro da tururuwa suna son yin gida a ciki.